Mudu Biyu a Gidan Allah

Karatu: Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Matiyu 4:1-11, Romawa 1:18 zuwa 2:11

 

Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Shuwarin ya san irin mutumin da manomi yake tsoro, wato mai awo da mudu biyu. Babban mudu na saye ne, ƙaramin kuwa na sayarwa. Ba ya satar buhu, ba ya ƙwace da ƙarfi. Awo yake yi a gaban idon kowa, amma shi yake zaɓen mudun da zai ɗauko bisa ga wanda yake tsaye a gabansa. Shari'ar Musa ta hana mutumin Allah ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, ta kuma ce wannan abin ƙyama ne ga Ubangiji. To, yau ba zancen kasuwa ya kawo mu ba. Muna so mu tambayi kanmu ne ko mu ma ba mu ajiye mudu biyu a gefen Littafi Mai Tsarki ba, musamman idan magana ta zo kan matsayin mata a ikilisiya, da kuma zancen luwaɗi da maɗigo.

Abin da ya sake tayar da maganar sananne ne. A watan Oktoba na 2025 aka sanar da cewa an zaɓi Sarah Mullally ta zama Akbishop na Kantabari a Ingila, mace ta farko da aka taɓa zaɓa ga wannan kujera. Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya, a ƙarƙashin Akbishop Henry Ndukuba, ta fito fili ta nuna rashin amincewarta, ta kawo dalili biyu: shugabancin mace a matsayin bishop, da goyon bayan da matar ta nuna ga addu'ar sa albarka ga masu zaman tare jinsi ɗaya. Labarin ya iso mu ta rediyo da ta waya, kuma bai tsaya a wurin 'yan Angilikan na Dayosis ɗin Dutse kaɗai ba. 'Yan ECWA da Baftis da Katolika duk sun tattauna shi a bakin ƙofar majami'a, har maƙwabtanmu Musulmi sun yi mana tambaya a kai. A cikin wannan hira ne muka yi ta jin ana jefa ayoyi kamar duwatsu, kowa da wadda ya tsinto.

Mu fara da gaskiya mai ɗaci. Kawo aya ba shi ne biyayya ga Maganar Allah ba. Iblis ma ya kawo aya. Sa'ad da ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali, daga Zabura ta 91 ya ɗauko maganar da ya jarabce shi da ita, kuma bai ƙirƙiro ta ba, tana nan a rubuce. Laifinsa shi ne ya yanke ta daga inda take, ya ɗora ta kan abin da ba ta nufa ba. Yesu kuwa ya amsa masa da wani nassi daga Maimaitawar Shari'a, ya nuna mana cewa nassi da nassi ake auna shi.

Gaskiya ta biyu ita ce, babu Kiristan da ba ya zaɓe a cikin umarnan Littafi Mai Tsarki. Ko ɗaya babu. Littafin Firistoci 19:19 ya hana shuka iri biyu a gona ɗaya, ya hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu. Wane manomi ne a Jigawa ba ya haɗa gero da wake, ko dawa da gyaɗa, a gona guda? Sura ta 11 ta hana cin naman zomo da na raƙumi. Manzo Bulus ya umarci masu bi na Roma da na Koranti su gai da juna da tsattsarkar sumba, mu kuwa hannu muke ba juna, wasu ma rusunawa suke yi. Ba wanda ya ce mun yi ridda saboda haka. Ashe tambayar ba ita ce ko muna zaɓe ba. Tambayar ita ce, da wane ma'auni muke zaɓen, kuma ma'aunin nan ɗaya ne ga kowa?

Ikilisiya tana da ma'auni tun da daɗewa. A taron manzanni a Urushalima (Ayyukan Manzanni 15) aka sauke wa al'ummai nauyin kaciya da sauran ka'idodin Yahudawa, aka bar musu abu huɗu da za su guje wa, cikinsu har da fasikanci. Daga baya masanan ikilisiya suka bambanta dokokin ibadar Haikali, da dokokin mulkin ƙasar Isra'ila, da dokokin halin kirki waɗanda ba sa tsufa. Haka yake a Ka'ida ta 7 cikin Ka'idodi 39 na Angilikan. Ka'ida ta 20 kuma ta ce ikilisiya ba ta da iko ta bayyana wani nassi ta hanyar da zai yi karo da wani nassin. Wannan ma'auni ne mai kyau, ko ga wanda ba ɗan Angilikan ba. Matsalarmu ba rashin mudu ba ce, riƙon sa ne.

Bari mu ɗauki zancen mata, mu ɗan daɗe a kai, gama a nan ne abin ya fi shafar gidajenmu.

Ayoyin da kowa ya haddace guda biyu ne: 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya, da 1 Timoti 2:11-12, inda Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. Suna nan, ba za mu goge su ba. Amma a cikin wasiƙar nan ta Korantiyawa, sura uku kafin wannan, Bulus ya yi bayani kan yadda mace za ta rufe kanta sa'ad da take addu'a ko annabci (11:5). In da shirun nan na kowane hali ne, me zai sa ya tsara yadda za ta yi magana? Dole ne a karanta su tare. Shi ya sa masu bayani da yawa suke ganin sura ta 14 tana zancen hayaniya da katse magana ne a lokacin sujada, domin a cikin surar nan an umarci mai magana da harsuna ya yi shiru in babu mai fassara, an kuma umarci annabi ya yi shiru in wani ya sami wahayi. Shiru uku ne a surar, mu ɗaya muke tunawa.

Haka yake da wasiƙar Timoti. Aya ta 9, wadda take gab da waɗanda muke so, ta yi magana kan kitso na ƙawa, da zinariya, da tufafi masu tsada. Ranar Kirsimeti ku dubi majami'armu. Mai kitso ta sha aiki tun kwana uku, atamfa da leshi kuwa sai wanda ya gani, wani lokaci ma uwargidan fasto ce a gaba. Idan aka tambaye mu, sai mu ce ai manufar ayar ita ce kamun kai, ba kitson kansa ba, kuma al'adar Afisa daban take da tamu. Madalla, wannan bayani ne mai ma'ana. Amma in aya ta 9 tana buƙatar a duba al'adar Afisa, me ya sa idan an zo aya ta 12 wasu ba sa son a ko ambaci Afisa? Masu riƙe da aya ta 12 suna da amsa. Suna cewa Bulus ya kafa ta kan tsarin halitta, da ya ambaci Adamu da Hawwa'u a ayoyi na 13 da 14. Amsa ce mai nauyi, ta cancanci a saurare ta. Abin da muke roƙo shi ne a kawo hujjar a fili, kada a tsawata wa mai tambaya kawai. Aya ta 8 kuma, wadda ta ce maza su yi addu'a ba tare da fushi ko gardama ba, ba mu tuna ranar da aka karanta ta a taron dattawan ikilisiya ba.

Ga kuma matan da ba a cika wa'azi a kansu ba. Debora ta yi wa Isra'ila shari'a (Littafin Mahukunta 4). Sa'ad da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali a zamanin Sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda aka aiki babban firist ya nemo nufin Allah (2 Sarakuna 22). Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci. Bilkisu da mijinta Akila ne suka ja Afolos gefe suka ƙara fahimtar da shi tafarkin Allah, shi da yake gwanin wa'azi. A Romawa 16 Bulus ya yaba wa Fibi mai hidimar ikilisiyar Kankiriya, ya gai da mata kusan goma, har da Yuniya, wadda Yahaya Kirisostom, babban mai wa'azi na ƙarni na 4, ya ɗauke ta a kan mace ce, ya kuma yi mamakin darajar da aka ba ta. Labarin tashin Almasihu daga matattu kuwa, Maryamu Magadaliya aka fara aika ta kai wa almajirai.

Tarihinmu na nan ƙasar ma shaida ne. Johanna Veenstra ta iso Nijeriya a 1920, ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum har ta rasu a 1933. Ikilisiyar da ta fito daga cikinta a Amurka ba ta naɗa mata a lokacin, amma a nan ta yi wa'azi, ta koyar da maza, maza kuwa suka zama shugabannin ikilisiya. Ku duba ƙananan majami'unmu na ƙauye. In aka cire Zumuntar Mata, wa zai ziyarci marasa lafiya, wa zai riƙe makarantar Lahadi, wa zai tara kuɗin rufin kwano? Akwai wuraren da mai bishara ya yi tafiya, ko aka rasa albashin da za a riƙe shi, mace ce ta yi ta buɗe Littafi tana karanta wa jama'a har aka sami wani. Lokacin wahala ba wanda ya tuna mata da 1 Timoti 2:12. Sai da aka gina mumbari, aka sami baiko mai kauri, sannan ayar ta dawo. Wannan shi ne mudu biyu.

Ba muna cewa a tashi gobe a naɗa mata fastoci ba. Wannan hukunci ne na majalisun ikilisiyoyi, kuma masu bi na gaskiya sun rabu a kai. A 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku dikon, Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta soke naɗin. ECWA ma ba ta naɗa mata fastoci. Amma Angilikan na Kenya da Uganda da Ruwanda suna naɗa mata firistoci, a 2021 kuma Kenya ta keɓe Emily Onyango ta zama mataimakiyar bishop. Waɗannan ikilisiyoyi su ne suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da Nijeriya a taron GAFCON na Urushalima a 2008 kan zancen aure. Wannan ya nuna maganar mata da maganar luwaɗi ba abu ɗaya ba ne, ko da yake ana yawan ɗaure su da igiya ɗaya.

Yanzu sai magana ta biyu, wadda bakinmu yake nauyin faɗa. Koyarwar ikilisiyoyinmu a bayyane take, kuma a kanta muke: aure tsakanin namiji da mace ne, bisa ga Farawa 2 da maganar Yesu a Matiyu 19, saduwa kuma a cikin aure take. Wasu Kirista a Turai da Amurka suna cewa, tun da ikilisiya ta sake fahimtarta kan bauta da kan mata, ya kamata ta sake a nan ma, kuma abin da Bulus ya sani a zamaninsa lalata da yara ne da bayi da karuwanci, ba zaman amana na mutum biyu ba. Amsar da masananmu suke bayarwa ita ce, a kan mata Littafi yana da muryoyi ta gefe biyu, kamar yadda muka gani, amma a duk inda ya ambaci kwanciyar namiji da namiji, a Tsohon Alkawari da Sabo, hani ne, Romawa 1 kuma ta haɗa har da mata, ta kafa maganar kan halitta. Mun kawo hujjar ɗaya gefen ne domin ku san ba dukansu ne suka jefar da Littafi ba. Wasu karanta shi suke yi, muna dai ganin sun yi kuskure.

Amma riƙe koyarwa daidai bai wanke mu daga mudu biyu ba. A nan ma ya fi yawa.

Muna karanta Romawa 1:26-27 da babbar murya, sai mu rufe Littafi. Da mun ci gaba aya biyu, da mun iske haɗama, da hassada, da yaudara, da tsegumi, da girmankai, da rashin biyayya ga iyaye, da rashin tausayi, duk a cikin jeri ɗaya. Daga nan sai sura ta 2 ta juyo kan mai karatu, ta ce wanda yake hukunta wani ba shi da hujja, gama shi ma yana aikata irin waɗannan. Ku tuna, Bulus bai rubuta wasiƙarsa da surori ba. Stephen Langton, wanda shi ma Akbishop na Kantabari ne, shi ake danganta wa rabon surori a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani mai ɗab'i, Robert Estienne, ya sa su. Masu bi na Roma a zama ɗaya suka ji maganar. Tarkon da Bulus ya ɗana a sura ta 1 domin mai ganin kansa adali ne, a sura ta 2 yake kamawa.

Haka 1 Korantiyawa 6:9-11. Jerin da ya ambaci masu luwaɗi ya ambaci mazinata, da ɓarayi, da masu haɗama, da mashaya, da masu zagi, da mazambata, sa'an nan ya tuna wa Korantiyawa cewa waɗansunsu dā haka suke kafin a wanke su. Ashe irin waɗannan mutane suna zaune a cikin ikilisiyar Koranti, ba a kore su daga bakin ƙofa ba. Muna kawo Littafin Firistoci 18:22 da 20:13, amma sura ta 19 da take tsakaninsu ta hana kwana da ladan ɗan ƙwadago, ta hana zaluntar baƙo, ta hana algus a awo. Mai riƙe kuɗin lebura wata uku yana iya zama a kujerar gaba, a kira shi ya buɗe taron neman gudunmawa. Muna ambaton Saduma, kuma wasiƙar Yahuza ta tabbatar da fasikancinta, amma annabi Ezekiyel (16:49) ya lasafta laifinta da girmankai, da ƙoshi, da ƙin taimakon matalauci.

Har shawarar bishop-bishop ma rabi muke karantawa. A taron Lambeth na 1998, da ƙuri'a 526 a kan 70, aka zartar cewa aikata luwaɗi bai dace da Nassi ba, kuma bishop-bishop na Afirka ne suka tsaya tsayin daka a kai. Wannan kowa ya sani. Amma shawarar nan ɗaya ta yi alkawarin sauraron waɗannan mutane, ta tabbatar musu Allah yana ƙaunarsu, ta kira masu bi su yi musu hidima da kulawa, ta kuma la'anci tsoronsu marar dalili. Ikilisiyar Amurka ta yi watsi da kashi na farko da ta keɓe Gene Robinson bishop a 2003. Mu kuwa sai mu tambayi kanmu abin da muka yi da kashi na biyu.

Mu da kanmu mun taɓa roƙon a dube mu da haƙuri. Taron Lambeth na 1888 ya hana yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma. Iyayenmu da suka tuba daga Maguzanci sun san zafin wannan doka, an ce wa dattijo ya sallami matan da suka haifa masa 'ya'ya kafin ya shiga ruwa. Shekara 100 bayan haka, a 1988, bisa roƙon ikilisiyoyin Afirka, aka yarda a yi masa baftisma tare da matansa masu bi, da sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikinsu tana da rai, kuma ba za a tilasta masa ya kori kowa ba. Koyarwar mace ɗaya ba ta canja ba. Hanyar karɓar mutum ce aka gyara.

Me ya sa wannan ya zama da gaggawa a wurinmu? Domin a ƙasar nan maganar tana iya cin rai. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya. A 2022 wata kotun shari'ar Musulunci a Ningi, nan maƙwabtanmu a Jihar Bauchi, ta yanke wa maza uku hukuncin jifa. Ban da kotu kuma akwai taron matasa da sanduna, waɗanda zargi kaɗai ya ishe su. To, ya kai fasto, ya ke shugabar Zumuntar Mata, idan wani saurayi ko wata budurwa daga cikin garkenku ya zo da dare yana kuka, ya buɗe muku abin da yake fama da shi a zuciyarsa, maganar da za ta fita daga bakinku washegari tana iya zama ajalinsa. Dattijon da aka kama da zina, a ɗaki muke kiran sa, mu dakatar da shi daga Jibin Ubangiji wata shida, mu yi masa addu'a, mu rufa wa iyalinsa asiri. Mudun nan ne ya kamaci yaron, ba wani ba.

Malaman Attaura da Farisiyawa sun taɓa kawo wa Yesu mace da aka kama tana zina, suka ce Musa ya umarta a jajjefe ta (Yahaya 8). Gaskiya ne, akwai hukuncin kisa a Shari'a. Amma Littafin Firistoci 20:10 da Maimaitawar Shari'a 22:22 sun ce namijin da macen duka biyu ne. Sun ce a cikin aikin aka kama ta, to ina namijin? Rabin ayar suka kawo, rabin da bai shafi ɗan'uwansu namiji ba. Yesu bai ce zina ba zunubi ba ce, ya gaya wa matar kada ta ƙara. Amma sai da masu duwatsu suka watse, tun daga manyansu, kafin ya yi mata wannan magana, kuma tsakaninsa da ita ya yi ta.

Kafin shirinmu na gaba, muna roƙon kowace ƙungiyar nazarin Littafi, ta maza da ta mata da ta matasa, ta karanta Romawa 1:18 zuwa 2:11 a zama ɗaya ba tare da tsayawa a ƙarshen sura ba, sa'an nan 1 Timoti sura ta 2 da ta 3 gaba ɗaya. A ba wanda bai saba karatu a gaban jama'a ba ya karanta. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba zancen gwauraye mata da gādo, daga Littafin Ƙidaya sura ta 27.